Su wa ke tafiyar da wasannin duniya? Tambayoyi da amsoshi kan hukumomin wasanni da inuwar da ta haɗa su

Na shafe shekaru ina koyar da motsa jiki a makarantun Damagaram, kuma ina taimaka wa wani ƙaramin kulob na matasa wajen cika takardu. Saboda haka duk ranar da aka ji a rediyo cewa an dakatar da wata ƙasa, ko an hana Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar, buga wasa a gida, ko an ƙwace wa wani ɗan tsere lambarsa, sai a tare ni a fada ko a ƙofar masallaci a ce, “Malam, wai su wa ke yanke wannan hukunci?” Mafi yawan masu tambayar sun ɗauka akwai sarkin wasanni guda a ƙasar Turai wanda ke ba da umarni kowa ya bi, alhali kuwa tsarin ya fi haka rassa, kuma rashin saninsa yana jawo wa yaranmu asara da idona na gani. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su a nan.

Mece ce hukumar wasa ta duniya, kuma mene ne aikinta?

Kowane wasa da ake gasarsa tsakanin ƙasashe yana da hukuma guda da ke riƙe da shi, wadda mu a nan muka saba kira federasiyo. Ita ke rubuta dokokin wasan, ita ke shirya gasar duniya, ita ke horar da alƙalan wasa ta ba su shaida, ita ke ajiye tarihin bajinta, kuma ita ke hukunta wanda ya karya doka. Mambobinta hukumomin ƙasashe ne, ƙasa ɗaya hukuma ɗaya, kuma a mafi yawansu kowace ƙasa tana da ƙuri'a ɗaya a babban taro, ko tana da girman Sin ko tana da ƙanƙantar Gambiya.

Wasu daga cikinsu sun girmi wasannin Olamfik na zamani. Ta jimnastik an kafa ta a 1881, ta tseren kwale-kwale a 1892, ta tseren keke a 1900, FIFA ta ƙwallon ƙafa a 1904 a birnin Faris, ta guje-guje da tsalle-tsalle kuma a 1912. FIFA tana da mambobi 211 a yau, hedkwatarta tana Zurik. Da yawa daga cikin sauran suna birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, inda har gini guda aka yi musu a 2006 domin ofisoshinsu su zauna ƙofa da ƙofa.

Ina ruwan ɗan wasan Damagaram da ofisoshin da ke Lozan?

Ruwansa ne ƙwarai, domin tsani ne guda wanda ƙafarsa ke nan, kansa ke can. Ɗan wasa yana rajista a kulob, kulob yana ƙarƙashin hukumar jiha, hukumar jiha tana ƙarƙashin ta ƙasa da ke Yamai, ta ƙasa tana cikin ta nahiyar Afirka, sannan ta duniya. A ƙwallon ƙafa, wannan yana nufin daga kulob zuwa FENIFOOT, zuwa CAF da ke Alƙahira, zuwa FIFA. Idan matakin tsani ɗaya ya karye, duk ƙwazon ɗan wasa ba zai kai shi sama ba.

Na taɓa raka wani yaro ɗan unguwar Zango zuwa wata gasar faɗa. Ya yi watanni yana atisaye da asuba a filin makaranta, mahaifinsa ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota. A teburin awo aka duba jerin sunaye ba a same shi ba, saboda ba a sabunta masa lasisi na wannan shekara ba, takardar kuma ta maƙale a wani ofis tsakanin jiha da ƙasa. Yaron ya tsaya da kayan wasansa a hannu ya dube ni ya ce, “Malam, ai ga ni, su gwada ni mana.” Na ce masa, “Ɗana, ba ƙarfinka suke shakka ba, sunanka ne babu a littafinsu.” Tun daga ranar nake gaya wa kowane mai horarwa cewa takardar lasisi da takardar haihuwa su ma kayan wasa ne, kamar takalmi da riga.

Idan kowace hukuma tana cin gashin kanta, me ya sa suke buƙatar inuwa guda?

Wanda ya san tsarin sarakunan sana'a a ƙasar Hausa ba zai sha wahalar ganewa ba. Sarkin Maƙera ba ya shiga sha'anin fawa, Sarkin Fawa ba ya gaya wa wanzamai yadda za su wasa aska, amma idan magana ta taso a kan harajin kasuwa ko wurin kafa rumfuna, dole su haɗu su yi magana da murya ɗaya, in ba haka ba a raba kansu a ci su ɗaya bayan ɗaya. Hukumomin wasanni ma haka suke. Ta ninƙaya ba ta da ta cewa a dokar ƙwallon kwando, amma suna da matsaloli na tarayya: rabon kuɗin talabijin, tsara kalanda yadda manyan gasanni ba za su ci karo ba, yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari, magudin sayar da wasa saboda caca, kare yara daga cin zarafi, da kuma tantance wace ƙungiya ce halattacciyar mai wani wasa idan biyu suka yi iƙirari. Uwar ƙungiya ita ce dandalin da ake tattauna waɗannan. Ba ta da ikon soke dokar kowane wasa, kuma ba ta naɗa wa kowa shugaba.

Yaushe aka fara wannan haɗin kai?

An fara yunƙurin tun 1921 da wani ofishin dindindin na hukumomin wasanni, amma bai yi ƙarfi ba. Abin da ya tayar da maganar da gaske shi ne talabijin. A shekarun 1960 kuɗin nuna wasannin Olamfik ya fara kauri, hukumomin wasanni kuwa suna ganin su ne ke kawo 'yan wasa da alƙalai da dokoki, amma kwamitin Olamfik na duniya, wanda Avery Brundage ke shugabanta a lokacin, shi ke riƙe da asusu kuma ba ya sauraronsu yadda suke so. A 1967 suka taru a Lozan suka kafa babbar majalisar hukumomin wasanni ta duniya, wadda aka sani da GAISF. Thomas Keller, shugaban hukumar tseren kwale-kwale, ya jagorance ta daga 1969 zuwa 1986, kuma a zamaninsa ta zama murya mai nauyi da kwamitin Olamfik ba ya iya kawar da kai daga gare ta.

Da Juan Antonio Samaranch ya hau shugabancin kwamitin Olamfik a 1980, sai ya bi wata dabara. Ya ƙarfafa wa hukumomin da wasanninsu ke cikin Olamfik na bazara gwiwa su kafa tasu ƙungiya, aka kafa ASOIF a 1983, kuɗin talabijin ya riƙa bi ta hannunta kai tsaye. Daga nan GAISF ta ci gaba da zama babbar rumfa mai tara kowa, amma taskar tana wani ɗaki. A ganina duk abin da ya biyo baya, har zuwa rushewarta, daga wannan rabuwar ya samo asali.

Me ya faru a 2015 da aka ce hukumomin sun yi wa uwar ƙungiyarsu tawaye?

A 2009 GAISF ta sauya suna zuwa SportAccord, kuma ta fara shirya wasanni nata na kanta, irin su gasar duniya ta wasannin faɗa da aka yi a Beijin a 2010 da San Fitasbag a 2013. A 2013 Marius Vizer, shugaban hukumar judo ta duniya, ya zama shugabanta, yana da burin ta zama mai ƙarfi da kuɗin kanta. A watan Afrilu na 2015, a babban taro a birnin Sochi na Rasha, ya tashi a gaban Thomas Bach, shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, ya soki tsarin kwamitin da cewa ya tsufa, ba shi da adalci, kuma ba a bayyane yake ba.

Wasu abubuwan da ya faɗa, musamman kan ƙarancin muryar hukumomin wasanni wajen yanke shawara, ba su rasa ƙamshin gaskiya ba, amma bai shawarci mambobinsa ba kafin ya buɗe baki da sunansu. Hukumar guje-guje, wadda Lamine Diack ɗan Senegal ke shugabanta, ta fice nan take, wasu suka bi sahu, ASOIF ta dakatar da hulɗa. Kafin watan Mayu ya ƙare Vizer ya yi murabus. Hukumomin sun nuna cewa idan aka tilasta musu zaɓi tsakanin rumfar da ta tara su da kwamitin da ke raba musu kuɗi, sun san inda za su tsaya.

To yanzu GAISF tana nan?

Ba ta nan. Ta koma sunanta na GAISF a 2017, amma ba ta sake murmurewa ba, kuma a watan Nuwamba na 2022 mambobinta suka kaɗa ƙuri'ar rusa ta. Ayyukanta suka koma hannun SportAccord, wanda a yanzu ƙungiya ce da ke shirya babban taron shekara na shugabannin wasanni, taron da aka fara a Madrid a 2003. Waɗanda suka fi nuna damuwa su ne ƙananan hukumomi, domin a GAISF ne kaɗai suke zama a ɗaki ɗaya da manya da ƙuri'a a hannunsu.

A yau hukumomin suna cikin rukuni huɗu. ASOIF ta tara kusan talatin da wasanninsu ke cikin Olamfik na bazara, irin su ƙwallon ƙafa, guje-guje, kokowa, judo da tekwando. Rukuni na biyu na wasannin ƙanƙara ne na Olamfik na hunturu, wanda bai shafe mu sosai ba. Na uku, ARISF, ya ƙunshi wasannin da kwamitin Olamfik ya amince da su amma ba su da mazaunin dindindin a gasar, kamar karate, da ces (darar Turawa), da wasan jifan ƙwallayen ƙarfe da muke kira petank wanda ake bugawa da yamma a unguwanninmu. Na huɗu, AIMS, wanda aka kafa a 2009, na waɗanda ba su kai ga samun amincewar ba tukuna. Wasa yana hawa daga na huɗu zuwa na uku, daga na uku zuwa na farko, kuma hawan yakan ci shekaru masu yawa. Mafi yawan wasannin da ba su cikin Olamfik suna da tasu babbar gasa, Wasannin Duniya, wadda aka fara a Santa Kilara ta Amurka a 1981.

Ashe ke nan kwamitin Olamfik ne sarkinsu duka?

A dokance ba shi ne ba, a aikace kuwa ƙarfinsa ya wuce na kowa. Kwamitin, wanda muke kira CIO da Faransanci, maƙwabtanmu na Najeriya kuma IOC, an kafa shi a 1894 bisa jagorancin Pierre de Coubertin, ya koma Lozan a 1915. Shi ne mai wasannin Olamfik, shi ke zaɓen birnin da za a yi su da wasannin da za a saka, amma da an shiga fili, hukumar kowane wasa ce ke tafiyar da gasarta da alƙalanta.

Misalai biyu za su nuna iyakar ikonsa. A watan Fabrairu na 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren, CIO ya ba da shawara kada a bar 'yan wasan Rasha da Belarus su shiga gasanni, kuma kowace hukuma ta yanke nata hukunci: FIFA ta dakatar da Rasha, hukumar guje-guje ta rufe ƙofa, masu tanis kuwa suka bar 'yan wasan su ci gaba ba tare da tuta ba. A nan shawara ce kawai ya iya bayarwa. Amma a damben zamani ya nuna ɗaya fuskar. Saboda matsalolin kuɗi, shugabanci da alƙalanci, ya dakatar da hukumar dambe ta duniya a 2019, ya shirya gasar dambe da kansa a Tokiyo da Faris, ya janye amincewarsa da ita gaba ɗaya a watan Yuni na 2023, sannan a 2025 ya ba wata sabuwar hukuma mai suna World Boxing amincewar wucin gadi. Bai rufe tsohuwar ba, ba shi da wannan iko, amma ya cire ta daga Olamfik, kuma hukumomin ƙasashe suka ga dole su sake lissafi. Wannan ya shafe mu, domin lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu a dambe ce, tagullar da Issaka Daboré ya ci a Munik a 1972.

Daga ina kuɗin ke fitowa, kuma yaya ake raba shi?

Mafi yawansa daga tashoshin talabijin da ke sayen izinin nuna wasannin Olamfik, sai kuma manyan kamfanoni masu talla. CIO yana cewa kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsa yana komawa ga harkar wasanni: ga birnin da ke karɓar gasa, ga hukumomin wasanni, da ga kwamitocin Olamfik na ƙasashe. Bayan wasannin Riyo na 2016, rabon hukumomin bazara ya kai kimanin dala miliyan 540, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Ba a raba shi daidai wa daida. An kasa hukumomin aji-aji bisa yawan masu kallo da sayar da tikiti da farin jini, inda guje-guje da ninƙaya da jimnastik ke ajin farko. FIFA ba ta dogara da wannan kuɗi ba, domin Kofin Duniya ya ishe ta, amma akwai hukumomi da dama da wannan rabo ne ke riƙe da su shekara huɗu.

Shi ya sa abin da ya shafi kuɗi ke tayar da jijiyar wuya a tsakaninsu. Lokacin da hukumar guje-guje ta sanar za ta ba duk wanda ya ci zinare a Faris a 2024 dala 50,000, ASOIF ta fito fili ta nuna rashin jin daɗi cewa ba a shawarci sauran ba, domin 'yan wasansu za su tambaye su nasu, su kuwa ba su da shi.

Ɓangaren da ke iso mana shi ne asusun tallafi na Olamfik, wanda ke bi ta kwamitin Olamfik na ƙasa, COSNI, domin horar da masu horarwa da ɗaukar nauyin 'yan wasa masu hazaƙa. Ya kamata kowane shugaban kulob a jiha ya san akwai shi, ya kuma san cewa ta hannun hukumar wasansa ta ƙasa ake gabatar da suna.

Wa ke kula da maganar ƙwayoyi?

Wannan shi ne fagen da haɗin kai ya fi fitowa fili. Kafin 1999 kowace hukuma tana da nata jerin haramtattun magunguna da nata hukunci, har ya zama abin da ya haramta a tseren keke yana iya halatta a wani wasa. Bayan abin kunyar da ya faru a tseren keke na Faransa a 1998, aka kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta duniya, AMA ko WADA, a 1999, mai hedkwata a Montiriyal ta Kanada, wadda gwamnatoci da ɓangaren Olamfik ke ɗaukar nauyinta rabi da rabi. Dokarta ta bai ɗaya ta fara aiki a 2004, kuma babu hukumar da za ta zauna a Olamfik ba ta sa hannu a kanta ba. A 2018 aka ƙara kafa wata hukuma mai zaman kanta, ITA, wadda hukumomi da yawa suka miƙa wa aikin gwaji, domin kada mai wasa ya zama shi ne mai binciken kansa.

Akwai abu biyu da nake roƙon matasanmu su riƙe. Na farko, ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da wani ne ya ba shi, ko da bai san abin da ke ciki ba, kuma wannan ya haɗa da jiƙo da haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwa ba tare da an san me aka zuba ba. Na biyu, tun daga 1 ga Janairu 2024 tramol yana cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Duk wanda ya san Damagaram ya san yadda wannan ƙwaya ta shiga cikin matasa, har wasu na ɗaukarta maganin gajiya. Yaron da ya saba da ita a unguwa zai iya rasa shekarun ƙuruciyarsa na wasa a kan gwajin fitsari ɗaya.

Idan hukuma ta zalunci ɗan wasa ko ƙasa, ina za a kai ƙara?

Akwai kotun sasanta rikicin wasanni, TAS, da aka kafa a Lozan a 1984, kuma kusan duk hukumomin sun rubuta a tsarin mulkinsu cewa ita ce matakin ƙarshe. Tana iya soke hukuncin manya. A 2015 CAF ta haramta wa Maroko shiga gasar cin kofin Afirka ta 2017 da 2019 saboda ta ƙi karɓar gasar 2015 don tsoron cutar Ebola, Maroko ta kai ƙara, kotun ta ɗage haramcin. Sai dai a san cewa dole a fara ƙare matakan ɗaukaka ƙara na cikin gida, wa'adin shigar da ƙara yawanci kwana 21 ne, kuma kuɗin lauya a Suwizalan ba abin da ƙaramin kulob zai ɗauka cikin sauƙi ba ne. A nan ne nake ganin adalcin tsarin ya rage, domin ƙofar a buɗe take ga kowa amma ba kowa ke da guzurin isa gare ta ba.

Me ya sa ake dakatar da ƙasa idan gwamnatinta ta sa baki a hukumar wasa?

Domin hukumomin duniya sun ginu a kan sharaɗin cewa mambobinsu ne ke zaɓen shugabanninsu, kuma minista ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓen kwamiti. FIFA ta dakatar da Najeriya a 2014, Mali a 2017, Chadi a 2021, Kenya da Zimbabuwe a 2022, duk a kan wannan. Hujjarsu ita ce idan aka bari, kowace sabuwar gwamnati za ta kori na da ta naɗa nata. Hujjar gwamnatoci kuma ita ce su ke gina filaye, su ke biyan kuɗin jirgi da masauki, don haka suna da haƙƙin tambayar inda kuɗin jama'a ya shiga. Ni ina ganin kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, kuma binciken kuɗi ta hanyar kotu daban yake da tsige shugabanni da takardar minista. Wanda ke shan wahalar dakatarwa dai ɗan wasa ne da bai ci nanin ba.

Hana buga wasa a gida wani abu ne dabam. Wannan maganar ingancin fili ce, ciyawa da fitilu da ɗakunan sauya kaya da tsaro, kuma rashin cika sharuɗɗan CAF ne ya sa Mena ta buga wasu wasanninta na gida a Maroko.

Ina matsayin Afirka a cikin wannan tsari?

Afirka tana da nata rumfuna. CAF, da aka kafa a Hartum a 1957, tana da mambobi 54. Kwamitocin Olamfik na nahiyar suna cikin ACNOA, wadda aka kafa a Lome a 1981 kuma hedkwatarta ke Abuja. Wasannin Afirka an fara su a Barazabil a 1965. Ta fuskar ƙuri'a nahiyar tana da nauyi, domin ƙuri'u hamsin da wani abu suna iya ɗaga ɗan takara ko su kayar da shi, amma kujerun shugabancin hukumomin duniya mafi yawansu suna hannun Turawa. An samu sauyi a 2025, lokacin da aka zaɓi Kirsty Coventry 'yar Zimbabuwe shugabar CIO, mace ta farko kuma ta farko daga Afirka. A shekarar kuma Djibrilla Hima Hamidou, shugaban FENIFOOT na lokacin, ya shiga majalisar zartarwa ta FIFA.

Kowane wasa ne za a iya kai shi a yi masa rajista? Dara da langa fa?

SportAccord ta taɓa gindaya ma'auni: ya kasance akwai gasa a cikinsa, kada ya dogara da sa'a, kada ya cutar da wani mai rai, kuma kada kayan yinsa su kasance a hannun kamfani ɗaya. Dara da langa sun cika waɗannan. Abin da suka rasa shi ne hukumomin ƙasa a ƙasashe da dama da nahiyoyi daban-daban, masu rubutacciyar doka guda da gasa a kai a kai.

Kokowar gargajiya za ta iya shiga Olamfik wata rana?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ita ce ta fi taɓa zuciyata. Wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Damagaram ranar da ɗan jiha zai kara, ya ji ganga ta ɗauka, ya ga ɗan kokowa ya durƙusa ya dafa yashi kafin ya miƙe yana kirari, mata na guɗa daga bayan rumfa, tsofaffi sun cire huluna suna kaɗawa, ba zai yarda akwai wasan da ya fi wannan cancanta ba. Tun 1975 ake gasar Takobi, jihohi takwas kowace da 'yan kokowa goma, kuma ƙasa takan tsaya cak a ranar ƙarshe. An kuma saka kokowar Afirka a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a 2005.

Amma farin jini a gida ba shi ne ma'aunin Lozan ba. Ƙa'idar ita ce wasa ɗaya hukuma ɗaya, kuma kokowa tana da mai ita, wato UWW, wadda ke riƙe da nau'o'in da ake yi a Olamfik kuma ta karɓi kokowar gargajiya ta ƙasashe a matsayin rassa. Saboda haka hanyar tamu ta cikinta za ta bi. Kuma ita kanta kokowar Olamfik da ƙyar ta tsira: a watan Fabrairu na 2013 kwamitin zartarwa na CIO ya ba da shawarar a cire ta daga wasannin 2020, sai da hukumar ta sauya shugaba, ta gyara dokoki yadda mai kallo zai gane, ta ƙara wa mata gurabe, sannan aka maido ta a watan Satumba na shekarar a taron Bonas Aires. Idan wasan da ke cikin Olamfik tun zamanin Girkawa ya sha wannan, sabon nau'i ba zai samu gurbi da sauƙi ba, musamman da yake an ƙayyade yawan 'yan wasa a kusan 10,500.

Akwai kuma aikin da ke kanmu. Kokowar Nijar da ta Senegal da ta arewacin Najeriya da ta Burkina ba su da doka ɗaya kan abin da ake kira kaye. A gasar Takobi babu rabon nauyi, ƙarami yana iya karawa da ƙato, wanda shi ne daɗinta a wurinmu amma hukumar duniya ba za ta karɓa ba. Sai an samu gasar mata, da gwajin ƙwayoyi, da alƙalai masu shaida, da rajistar 'yan wasa mai ɗauke da shekarun haihuwa na gaskiya.

Ƙofar da ta fi kusa ita ce kokowar yashi, wadda UWW ke shiryawa a cikin da'ira a kan rairayi, a tsaye, ba tare da kokowar ƙasa ba, kuma duk ɗan kokowar da ya taso a Mirriya ko Magarya ko Matamai zai gane ta da kallo ɗaya. Tana cikin jadawalin wasannin Olamfik na matasa na Dakar, daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba 2026, karo na farko da wata gasar Olamfik ke sauka a ƙasar Afirka. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a tekwando a Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, ta hanyar kulob da lasisi da hukumar ƙasa da gasannin share fage. Ɗan kokowar da ke son bin sawunsa zai fara da yin rajista a hukumar kokowa ta jiha, ya nemi takardar haihuwarsa tun yanzu, ya hau sikeli ya san ajin nauyinsa, sannan mai horar da shi ya nemi dokokin kokowar yashi daga hukumar ƙasa ya koya masa yadda ake ƙirga maki a cikinta.